Murhun Cikin Ɗaki

Duk wanda ya san Tungar Magagi, gabas da Filinge, da rumbuna ya san ta. Magagi sarkin noma ne na gaske. Shekarar da ƙasa ta sami 'yancin kai, shi ya ciyar da jama'ar da ta taru kallon wasa, kwana uku cur, kuma bai buɗe rumbu na biyu ba. Da ya rasu ya bar ɗa guda, Manzo, da rumbuna bakwai, da sunan da ya fi rumbunan nauyi.

Shekara goma sha uku bayan wancan biki, sama ta ƙi. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rumbuna bakwai suka koma ɗakin ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka yi ƙaura. Wata Lahadi, ranar kasuwar Filinge, Manzo ya ɗaure tabarmarsa zai shiga kamyo, babbar motar kaya, ya tafi Kurmi neman abin da za a ci. A bakin zaure ya tsaya, ya kasa kallon matarsa Dijatu a ido.

"Ban bar maki komi ba sai sunan gidanga," in ji shi. "Ki ruhwa min asiri har in komo."

"Allah shi tsare hanya," ta ce. Ɗiyarsu Haske, 'yar shekara uku, tana riƙe da gefen rigarsa tana tambaya ko zai sayo mata dabino, da muryar nan tata mai kaifi da ake ji har ƙofar masallaci.

Kai, magana guda ta namiji, abin da take jawo wa mace! Dijatu ta ɗauki maganar nan ta ɗora a ka, ba ta sauke ba ko da rana ɗaya. Ragowar geron da ya bari bai kai wata biyu ba. Da ya ƙare, ba abin da ya rage a dajin ƙasarsu ta Kurfai sai anza, itaciyar da fari bai dame ta ba. 'Ya'yanta, dilo, ɗaci gare su na fitar hankali. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa, sannan a dafa da toka, a tsiyaye, a sake dafawa, rabin yini tukunya na kan wuta. Abincin yunwa ne, kowa ya san haka, kuma warinsa ba ya ɓuya. A ce an ji warin dilo daga gidan sarkin noma? Dijatu ta rantse ba a kanta za a fara ba.

Sai ta ɗauko duwatsun murhu uku daga tsakar gida ta shigar da su ɗakin kwananta, bayan gado. Lokacin sanyi ne, kowa na hura wuta a ɗaki, don haka hayaƙi daga jinka ba abin tambaya ba ne. Ta saki asabari a ƙofa, ta ƙara da tsohon bargo, ta cusa tsumma a 'yar tagar. Itacen kirki ya yi nisa, sai ɗanyar sabara da busasshen kashin shanu, wanda shi kaɗai matattun shanun suka bar wa mutane gado. Kullum da safe kuma sai ta zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta daka a tsakar gida, don maƙwabta su ji taɓarya na tashi a gidan Magagi. Haske kuwa tana ɗaki tare da ita duk tsawon dahuwar, don yaro ba shi da linzami a baki, in ta fita za ta faɗa wa duniya abin da ke cikin tukunya.

Da majina abin ya fara wa Haske. Dijatu ta ce sanyi ne. Tari ya biyo baya, busasshe, sannan ya nuna ya koma mai kauri. Kwana na uku jikin yarinya ya ɗauki zafi, ta ture ludayin kunu, ta kwanta lamo. Abin da ya tsinka zuciyar Dijatu shi ne numfashin. Sauri yake yi kamar na ɗan tsako, ƙofofin hanci na buɗewa suna rufewa, fatar ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk sa'ad da ta ja iska, ƙirjin na wani ƙara siriri. Ta goya ta, ta ari jakin maƙwabcinsu Kailu, ta nufi likitar Filinge, wato asibitin garin.

Majo Tahiru, babban ma'aikacin likitar, dogo ne mutumin Tondikandiya, Hausarsa da ɗan harshen Zabarmanci. Ya saurari ƙirjin, ya ce ciwon haƙarƙari ne, ya yi allura kwana biyar. Haske ta miƙe, ta ci, har ta soma kiran babanta daga bakin zaure. Dijatu ta yi hamdala ta koma ɗaki ta saki bargo.

Mako uku, ciwo ya dawo, wannan karon har da kunne na zubar da ruwa. Aka yi allura, ya tafi. Wata bai cika ba ya sake dawowa. Muryar nan mai kaifi ta dushe, yarinya ta rame har ɗan warwaron hannunta yana zamewa ya faɗi.

A zuwa na uku, bencin likitar cike yake da mata. Kusa da Dijatu akwai Hajara matar Kailu, wadda darni ɗaya ya raba gidajensu, tana goye da jaririyarta Safi, ita ma tana tari. Majo ya ɗora Haske a kan tebur, ya ƙirga numfashinta yana kallon agogo. Ya ɗauki auduga ya goge cikin hancinta, ya duba, ya nuna wa Dijatu. Baƙa ƙirin.

"Uwar Haske, karo na ukku ke nan," ya ce. "Ina kike girki?"

Dijatu ta ji idon matan benci a bayanta. "Tsakar gida, majo, kamar kowa."

Majo ya ɗauki gefen zanen goyon ya sunsuna, ya ajiye. Bai ƙaryata ta ba. Ya ɗaga murya yadda duk benci zai ji.

"Tari in ya zo sau ɗaya, baƙo ne. In shina tahiya shina komowa, to akwai mai buɗe mai ƙohwa. Ɗiyarga ta yi baƙon dauro da bazara, ya bar ƙirjinta ba ƙarhi. Ga yunwa, jikin da bai ƙoshi ba ba shi iya faɗa da ciwo. Waɗanga biyu ba su hannunki. Na ukku hayaƙi. Huhun yaro ɗanye ne, hayaƙi na cin shi kullum kaɗan kaɗan, ciwo shi samu wurin zama. Allurata na korar ciwon, ba ta korar hayaƙi. Wata rana za ki kawo ta, allura ta ƙi."

"Na ji, majo," in ji Dijatu.

Ta ji ɗin kuwa, wallahi ta ji, har cikin ƙashinta. Duk hanyar komawa tana auna abu biyu, numfashin da ke bayanta da maganar da aka bar mata a bakin zaure. Ta kasa ajiye ko ɗaya. Sai ta samo wata hanya wadda ta ga kamar dabara ce. Haske ɗiyar fari ce, kuma ba wanda zai yi mamaki in an kai ɗiyar fari wurin kaka. Da allura ta ƙare, ta shiga kamyon da ke zuwa Sanam ta kai ta wurin mahaifiyarta, Inna Laraba, wadda ke zaune a wata tunga da 'yan awaki huɗu da suka tsira. Ta ce wa Inna iskar gidan ce ba ta karɓi yarinyar ba. Ta juyo tun Haske na barcin rana, don kada ta ji kukanta.

Allah sarki, ashe ɗaki na iya yin girma haka. Dijatu ta dawo ta tarar da ɗan ludayin yarinyar a bayan randa, da warwaron da ya faɗi a ƙarƙashin gado. Ta ɗaure su a gefen zane, inda ba mai gani. Kewa ta kama ta. Ga shi kuma ba halin ta faɗa. Uwa ba ta nuna son ɗan fari, ba ta ma kiran sunansa. Tun da aka haifi Haske, Dijatu ba ta taɓa furta sunan nan a gaban mutum ba, sai dai ta ce "yarinyarga" ko "waccan". In mata sun tambaye ta labarin ɗiya a bakin rijiya, sai ta taɓe baki ta ce, "Ni na huta da rigima." Tana faɗa tana jin kamar ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka.

"Ke kam kin ji daɗi," Hajara ta ce mata wata rana ta saman darni, tana jijjiga Safi. "Ba goyo, ga taɓarya na tashi kullum. Gidan sarkin noma dai gidan sarkin noma ne."

"Sai godiya," in ji Dijatu, ta ci gaba da dakan ƙaiƙayinta.

Kowace Lahadi tana tafiya Filinge da ƙafa, ba don ta sayi komai ba. Takan tsaya a tasha ta duba fuskar duk wanda ya diro daga kamyon kudu. Wata huɗu da tafiyarsa, saƙo ɗaya ne ya zo daga Manzo, ta bakin wani ɗan Damana: yana lafiya, yana dako a bakin teku, a gaida gida. Takan tuna shi lokacin girbi, yana kan tsani yana karɓar dammuna yana jefawa cikin rumbu, gumi na zuba, yana tsokanarta cewa furarta ta fi ta kowa gari. Daga nan sai ta juya ta kalli kamyon Sanam har ya cika ya tashi, ita tana tsaye.

Da wata biyu suka cika da rabuwarta da Haske, haƙurinta ya ƙare, ta shiga kamyon Sanam.

Tun daga nesa ta ji muryar. Mai kaifin nan ce, ta dā, tana yi wa akuya tsawa. Dijatu ta tsaya cak a bayan wata ƙaya. Haske ce ke gudu tsakanin awaki, ba tari, ba majina, kumatu sun soma dawowa. Can gefe Inna Laraba na fifita wuta a fili, ƙarƙashin sararin Allah, hayaƙi na tashi iska na kwashewa. Abin da ke cikin tukunyar kuwa dilo ne, a buɗe, ko murfi babu.

"Ke, zo ki gaida baƙuwa," Inna ta kira yarinyar.

Haske ta zo a hankali. Dijatu ta manta da kunya, ta durƙusa ta jawo ta jikinta. Yarinyar ta sa fuska a zanenta, ta yamutsa hanci, ta yi ɗan tari, ta zame ta koma bayan kakarta.

"Inna, tana warin wuta," ta ce.

Da mari aka yi wa Dijatu da ya fi mata sauƙi. Inna Laraba ta kori yarinyar wurin awaki, sannan ta juyo. Tsohuwa ce da ba ta tauna magana.

"Ranar da kinka kawo ta, sau ukku na wanke rigunanta, ruwan na hita baƙi kamar na wankin tukunya. Mako guda tana tofar da baƙin kaki. Iskar gida, ko? Ki yi ma wani ƙarya, ni na haihe ki. Cikin ɗaki kike dahwa dilo."

"Inna, maigida ya ce in ruhwa mai asiri."

"Asiri! Magagi na cikin kabari, shi ba shi jin yunwa, ba shi tari. Dubi tukunyata. Wa ya mutu don ya gan ta? Nono kaɗan na akuya, da iska mai kyau, shi ke nan maganin da na ba ta."

"Ki ba ni ita in tahi da ita, Inna. Ba ni iya zama ba ita." Karon farko ke nan da bakinta ya faɗi haka, kuma hawaye suka biyo.

"Na sani," in ji Inna, muryarta ta yi sanyi. "Amma ba ni ba ki ita ki kai ta ki turara. Ranar da murhunki ya hito tsakar gida, ki zo ki ɗauki ɗiyarki."

Dijatu ta kwana biyu. Haske ta saba da ita kaɗan, har ta yarda ta yi mata kitso, amma Inna take kira in ta faɗi. Da Dijatu ta koma Tungar Magagi, ta tsaya a kan duwatsun nan uku ta daɗe tana kallonsu. Ta ce bari dai Lahadi ta zo, wataƙila Manzo na cikin kamyo, ko wasiƙarsa, shi da ya ɗaure sai ya kwance. Lahadi ta zo ta wuce ba kowa. Ta ce bari ta ƙara guda.

Ranar Talata da hantsi kuka ya tashi daga bayan darni. Safi ce. Kwana biyu tana fama da ƙirji, Kailu ya ɗaura wa jaki shimfiɗa za a kai ta likita karo na huɗu, kafin a fita ta cika.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta, Dijatu ta shiga yi wa Hajara gaisuwa. Shekara biyar suna maƙwabtaka, amma tun da fari ya tsananta ba wadda ta shiga ɗakin wata, a tsakar gida ake tsayawa. Tana ɗaga asabari wari ya tare ta, warin da ta sani kamar na jikinta. Jinka ta yi baƙi, tana ɗigar kunkunniya. Tsumma a taga. A bayan gado ga duwatsu uku, ga tukunya an kife ta da faifai, kusa da ita ga 'yar tabarmar da ake kwantar da Safi. Hajara ta ga inda idon Dijatu ya sauka. Dijatu ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta fito.

Washegari, rana ta fito sosai, lokacin da mata ke wucewa zuwa rijiya, Dijatu ta yaye bargon ƙofa ta jefar. Ta ɗauko dutse na farko, da zafinsa na jiya, ta kai tsakiyar gida, daidai inda ake hangowa daga zaure. Ta koma ta ɗauko na biyu, da na uku. Ta buɗe ƙyauren zaure har bango. Ta hura wuta, ta ɗora tukunyar dilo ba murfi, ta kifar da turmin ƙaiƙayi da ƙafa. Wari ya bi iska ya shiga gari.

Mata suka rage tafiya a ƙofar gida, tuluna a ka. Wata ta ce, "La ilaha illallahu, gidan Magagi?" Dijatu ba ta ɗago ba, kunya na cin fuskarta kamar wutar da take fifitawa, amma ba ta tashi ba.

Sai ta ji motsi a darni. Hajara ce, idanu a kumbure, ta riƙe karan darnin da hannu biyu tana kallon tukunyar.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun farkon sanyi."

"Dakan da nike ji kullum hwa?"

"Ƙaiƙayi ne."

Hajara ta ƙara riƙe darnin. Sannan ta yi magana, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Kullum in na ji taɓaryarki sai in ce, gidan sarkin noma na daka, ni ce zan hidda dilo waje a yi ma Kailu dariya? Duk garinga ke muke kallo, Dijatu. Da kin hiddo ta watan jiya."

Dijatu ta daina fifita wutar. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a toka. Kafin azahar ta ji ana jan dutse a gidan da ke bayansu, sannan a wani gidan can gaba. A gidan Hajara ba a ja komai ba, don ba sauran wanda za a fitar da murhu dominsa.

Ran Lahadi ta wanke zannuwanta duka da toka, ta shanya su a rana har warin ya ragu, ta tafi Filinge. Kafin kamyon Sanam ya cika ta zauna gaban mai rubuta wasiƙa a bakin tasha, wani tsohon ɗan lakkal, wato ɗan boko, mai tabarau ɗaure da zare.

"Zuwa ga wa?" ya tambaya.

"Ɗan Magagi, a Kurmi. Ka ce mai na hidda murhu waje, duk gari ya ga abin da muke ci. Ka ce ban iya riƙe abin da ya ba ni ba. In ya komo shi yi min hwaɗa, na yarda. Amma shi komo."

Alƙalami ya yi ta tafiya. "Shi ke nan?"

"Ka ce yau za ni ɗauko yarinyar."

"Wace yarinya? Sai da suna, kada shi ruɗe."

Dijatu ta waiga. Tasha cike da mutane, har da matan Tungar Magagi biyu a tsaye kusa da ita. Ta taɓa ƙullin gefen zanenta, inda ludayin da warwaron suke.

"Haske," ta ce, da ƙarfi yadda ya ji. "Ka rubuta Haske."

Ya rubuta, ya naɗe takardar. Direba ya danna oda, ta tattara zanenta ta ruga ta hau.